Allon Makullai

Ɗaki ashirin da biyu gare mu.
Ba na buɗe littafi don in san yadda kasuwa ta kwana,
allon makullai nake waiwaya in duba:
ƙusa in ta kwana tsirara, mun ci abinci,
in ta rataya makulli, mu ta rataye.

Daren nan goma sha bakwai ke lilo a bayana.

Lamba uku dillalin aya ne daga Jibiya,
ya miƙo jikka takwas yana juya ta naira a zuci,
yana tsaki.
Lamba tara ta kawo tsohonta asibiti daga Dakoro,
ta ƙi kunna fanka, wai kar a ƙara mata kuɗi.
Na ce iska tana cikin kuɗin ɗaki. Ba ta yarda ba.
Sauran ukun direbobi ne masu jiran takardar duwan,
tafiyarsu tana aljihun wani.

An yi shekarar ƴan furoje,
farar mota bakwai a tsakar gida,
taro kwana huɗu, shayi da safe, shayi da hantsi,
har ɗakin ajiya muka share muka jefa katifa.
Alhaji Nomau ya ga ruwa ya zubo, ya sayo siminti,
ya ce bene.
Ga benen can, ƙarafa tsaye bisa rufi
kamar karan hatsi bayan girbi.
Tantabaru suka riga kowa kama ɗaki,
ba su taɓa tambayar farashi ba.

Da aka rufe iyaka a Ɗan Isa
na haddace kukan firij.
Baraka ta riƙa wanke zanen gadon da ba wanda ya kwanta a kai,
tana shanya shi inda Alhaji zai gani.

Watan jiya wani yaro ya zo daga Yamai da na'ura a jaka,
bincike yake yi, in ji shi.
Ya ƙirga manyan motoci, ya ƙirga buhunan wake,
ya ce, garin da ke juya dukiya haka,
ina baƙinsa suke kwana?
Na yi dariya har na ƙware.
Na ce, ɗan samari, rubuta:
ba otel ɗin bakin titi muke gasa da shi ba,
da zaure muke kokawa.
Baƙon Maraɗi yana da mai gida tun kafin ya hau mota,
tabarma, fura, ruwan alwala,
ba rasit.
Wa zai karya wannan farashi?

Ya rubuta. Ya sake tambaya, to gobe fa?

Gobe ni ma ina hangenta, ba sai da na'ura ba.
Ina ganin masu biki da gida ya yi musu kaɗan,
iyayen ɗaliban jami'a,
masu sayen fatar jar akuya,
da wanda zai so ya ga tafkin Madarunfa da asuba
in an samu mai kai shi.
Amma baƙo bai taɓa tambayata bene ba.
Abu uku yake tambaya:
akwai ruwa a famfo, wuta za ta kai safe,
sauro fa?
Na gaya wa Alhaji, jera faranti mai shan rana a saman nan,
bar tantabaru su biya haya da inuwa.
Ya ce zai duba.
Damina biyu ke nan yana dubawa.

Ƙarfe biyu da kwata ana buga ƙofa.
Motar Damagaram ce ta lalace wajen tasha.
Mutum da matarsa da yara uku,
ƙaramin yana barci a kafaɗa, takalmi ɗaya a ƙafa.
Uban ya ce, nawa?
Na faɗa. Ya yi shiru. Na rage.

Na juya na zare makulli biyu.
Ƙusa biyu suka yi tsirara.
Saura goma sha biyar,
ga kuma rijiyar bayan gida da zan ja kafin su tashi.