Ɗigo Huɗu a Kan Takarda

Abarta aka raɗa mini,
don uku sun riga ni zuwa, sun riga ni komawa,
babu wanda ya ga arba'in.
Matan unguwarmu a Garwa suka ce wabi ne,
wasu suka rage murya: nonon Inna ne mai dafi.
Ni na sha nonon nan na rayu,
ba wanda ya tambayi dalili.

Shekara shida ke nan ina bin sawun dalilin.
Da asuba, ɗakin haihuwa,
in riƙe dunduniyar jariri, ba ta fi dabino ba,
in ɗiga jini huɗu a kan takarda,
ya bushe ya yi launin goro.
Firijinmu da ikon masu wuta yake numfashi.
Ran da suka ɗauke ta kwana biyu a bazara
aikin wata bakwai ya lalace,
na je bakin Binuwai na zauna
har masu wanki suka tashi.

Na zana zuriya a kwali,
wanda ya rasu a ja masa layi.
Gidan Malam Yawuba layi biyar,
gidan Dudu mai kifi, uku.

Abin da na gano ido ba ya ganinsa.
Akwai sukari cikin nono,
akwai mabuɗin da jiki ke buɗe shi.
Uba na ɗauke da karyayye ɗaya, uwa ma haka,
suna lafiya, ba su sani ba.
Ɗan da ya gaji biyun
sai ido ya yi rawaya, hanta ta kumbura, tsotso ya gagara.
A sauya masa abin sha da wuri,
wataƙila ya girma har ya fasa miki tulu.

A Ngaundare na faɗi wannan da Faransanci, aka tafa.
A gida na faɗe shi da Hausa.
Inna na ɓarar gyaɗa, ba ta ɗago ba.
Na ce, ba laifin nononki ba ne.
Ta hure ɓawo daga faifai.
Ta ce, a littafin naki kin sa sunansu?
Na ce, lamba ake sawa, Inna.

Ta ce, to ɗauko biro.
Sa'adu. Ramatu.
Na ukun bai kai ranar suna ba,
ni dai Ɗanjuma nake ce masa.