Abin da Evaristo Ya Rubuta a Gefe

Ƙarfe biyun dare a bakin Hanya ta Arba'in,
iskar Patagoniya na dukan kwano kamar mai bin bashi.
Ni kaɗai ce, Griselda, da ƙoƙon shayin mate da ya huce,
da wata na'ura mai launin toka a ƙarƙashin kanta,
wadda famfuna huɗu ba sa ɗigar da ko lita
sai da yardarta.

Sai allo ya sandare.
Ɗan ɗigon nan kore yana ƙifta mini ido,
bai ce e ba, bai ce a'a ba.
A waje Baltasar ya tsayar da tirelarsa maƙare da ulu,
yana son kai Esquel kafin ƙanƙara ta toshe hanya.
Ya ɗaga bakin famfo na uku, ya matsa, ya girgiza,
ya juyo yana kallona ta gilashi.

Na jawo littafin.
Shafi ɗari biyu da goma, bangonsa ya sha baƙin mai,
kowane umarni da layinsa, kamar jerin gwano:
wannan ya buɗe famfo, wannan ya rufe,
wannan ya tambayi tanki saura nawa a cikinsa,
wannan ya sauya farashi, wannan ya rufe lissafin yini,
wannan ya tsayar da kowa cak, in wuta ta tashi.
Harshe ne da babu gaisuwa a cikinsa,
babu sannu, babu don Allah, babu sai gobe.
Harafi ɗaya ya kuskure, ta yi kamar ba ta san ka ba.

Amma a gefe akwai fensir.
Shekara ashirin da shida Evaristo yana zaune a kujerar nan
kafin idonsa ya yi yana, 'yarsa ta ɗauke shi zuwa Trelew.
Rubutunsa ya karkace kamar bishiyoyin ƙasarmu:
"Na uku kurma ne, faɗa masa sau biyu."
"Kada a sauya farashi da mota a tsaye, za a yi rigima."
"Wannan yana goge komai. Na gwada sau ɗaya. Ya isa."
A wani shafin ma lambar wayar wata Amalia ce,
ba bayani.

Na faɗa wa na uku sau biyu. Shiru.
Na tambayi na'ura me ke damunta,
ta tofo mini lamba: arba'in da bakwai.
Littafi ya ce, "Sadarwa ta yanke, a kira masani."
Masani yana can kilomita ɗari uku, yana barci.
A ƙasa, da ƙanana, har sai da na kanga fitila:
"Ba masani. Bayan firji. Waya ce ke zamewa
duk sanda mai kawo madara ya ture shi."

Na durƙusa cikin ƙura da murafun kwalabe,
hannuna ya laluba, ya same ta tana lilo.
Na mayar da ita gurbinta.
Na buga haruffa biyar da yatsa ɗaya, na danna.

Daga waje na ji famfo ya yi gyaran murya,
lambobi suka fara tsere a fuskarsa.
Baltasar ya ɗaga hula, bai ce komai ba,
lita ɗari huɗu, ya biya, ya sayi biskit, ya wuce.

Iska ba ta daina ba.
Na nemo fensir a aljihun tebur, guntu, duk shaidar haƙori,
na rubuta ƙarƙashin nasa:
"Har yanzu firjin ne. A sayo ƙusa."
Sannan na ɗora ruwa a wuta.