Tsoka Ɗaya a Shagon Baba Siddiƙ

A Gadarif, bayan kasuwar riɗi,
inda manyan motoci ke kwana da dutse a gindin taya,
akwai wata shuɗiyar ƙofa da fenti ya gaji da ita.
Ba allo, ba suna.
Hanci ne ke karanta wurin.

Tebur shida, ɗaya gurgu,
da murfin kwalba aka tallafe shi tun ina yaro.
Fankar sama na juyi kamar tsoho da carbi,
ba ta korar zafi, gaisawa kawai suke yi.
Firjin ya daɗe da mutuwa,
a cikinsa ake ajiye cokula da littafin bashi.

Baba Siddiƙ ba ya tambayar me za ka ci.
Abu ɗaya ne tun zamanin ubansa:
tsokar sa, yanka guda, faɗin tafin hannun lebura,
a buge ta da gindin kwalba har ta sauke girman kai,
gishiri, tafarnuwa,
a kwantar da ita kan ƙarfen da ya sha mai shekara arba'in.
Tsuuu.
Ko masu gardamar kuɗin buhu sai sun yi shiru.

Albasa a gefe, rabin lemun tsami,
gurasa biyu, yajin ƙuli a murfin gwangwani.
Kuɗinsa bai kai ladan dakon buhu goma ba.

Shekarun nan komai ya hau bishiya,
sukari ya hau, gawayi ya bi shi.
Muka ce, Baba, ƙara kuɗin mana, ba za mu ji haushi ba.
Ya ce alli ya ƙare.
Sai dai wuƙarsa ta koyi lissafi:
bara yankan ya kai kaurin yatsa,
bana in ka ɗaga shi kana hango fitila ta ciki.
Mun gani. Ya san mun gani.
Ba wanda ya ce uffan.

Daren Laraba na zo da 'yata Nafisa,
sakamakon jarrabawa a naɗe cikin gyalenta.
Na taɓa aljihu, na ce faranti ɗaya,
ni na ci a gida.
Cikina ya yi ƙugi, ya ƙaryata ni a gaban jama'a.

Tsohon bai ɗago kai ba.
Ya tambaye ta, ta nawa kika zo?
Ta ce ta biyu.
Ya ce to, wa ya zo na ɗaya, ɗan mahauci?

Faranti ya sauka, guda ɗaya kamar yadda na ce,
amma tsokar irin ta da ce,
mai kauri, mai ruwa, tana numfashi,
wuƙa biyu a gefenta.

Na nufi firji in ga abin da aka rubuta mini.
Ya tare ƙofar da gwiwa.
Littafin ya yi barci, in ji shi,
kar ka tashe shi.

Muka fito, garin na ƙamshin sabon riɗi.
Nafisa na lasar yaji a babban yatsa,
tana tambayata ko likitoci ma suna zuwa nan.
Na ce suna zuwa,
amma teburin gurgu ake ba su.