Eriya a Tudun Nupawa

Bututun tagulla na sayo a Panteka,
wanda aka zare daga cikin mataccen firji.
Malam Tanimu ya auna shi da taƙi,
ya ce, "Yarinya, me za ki dafa da wannan?"
Na ce, "Sama zan saurara."
Dariya ta sa ya rage mini ɗari biyu.

A gefen turmin Inna na miƙe shi,
na raba biyu, santimita hamsin da uku kowanne,
na ɗaure a gora, na hau rufi,
kwano yana kuka ƙarƙashin sawuna.

Abin da zai ji mini bai kai yatsa biyu ba,
ɗan ƙarfen da ake cusa wa kwamfuta a haƙarƙari.
Sauran rediyon duk rubutu ne.
Waɗansu da ban san fuskarsu ba suka rubuta shi,
suka ajiye kamar randar bakin hanya da moɗa a kai:
mai ƙishi ya sha,
mai hali ya ƙara guga.

Daren farko manhaja ta ƙi haɗuwa.
Jan rubutu ya cika allo.
Ta nemi wani abu, na ba ta, ta nemi ƙanensa.
Na kawo ƙanen, ta ce ya tsufa.
Har aka kira assalatu ina lallashi.

Dare na uku ta buɗe ido.
Shuɗin ruwa ya fara gangarowa a allo,
amma ga layuka tsaye cikinsa kamar haƙoran mataji,
kunnena kuwa ba komai sai shuuu.

Na zargi Barnabas mai walda.
Na je, na roƙe shi minti biyar,
ya kashe inji, ya tsaya yana kallona da baƙin gilashi a goshi.
Haƙoran suna nan.
Na ba shi haƙuri.
Na sauya kebul. Na sāke narka dalma,
ta ɗiga a babban yatsana, tabon yana nan har yau.
Na ɗauko sukudireban Baba,
wanda ya shekara talatin yana buɗe cikin rediyon mutane,
yana gane ciwo da kunne kaɗai.
Ni ina da allo mai launi, na kasa.

Sai aka ɗauke wuta.
Unguwa ta yi tsit, allo ya yi fes.
Ashe ɓarawon a gidanmu yake kwana.
Da wuta ta dawo na bi soket ɗaya ɗaya ina zarewa,
firji, fanka, ƙwan zaure,
har na kai ga cajar tocilan ɗin Inna,
ta naira ɗari bakwai,
ita ce ta toshe mini sama mako guda.

Bayan la'asar tauraron ya ɓullo ta kudu.
Minti goma sha huɗu kawai yake bayarwa.
Na ji shi, ƙit, ƙit, ƙit, kamar tsaka a bango,
hoto yana sauka zare bayan zare
kamar masaƙi ba ya gaggawa.
Ga bakin teku. Ga wani duhu, wataƙila Tafkin Chadi.
Na nemi Kaduna, na nemi kogin, gadar, rufinmu,
ko ƙwayar gero ba mu kai ba.
Amma ga farin tuli ta gabas, ya taso mana.

Na sauko da gudu.
"Inna, a kwashe kuɓewar shanya, hadari na tafe!"
Ba ta ko ɗago ba.
Ta ce, "Gwiwata ta gaya mini tun da hantsi.
Mayar mini da cajata."

Da dare, ruwa na dukan kwano,
na rubuta layi huɗu kan abin da ya ƙi haɗuwa
da yadda na shawo kansa,
na zuba a randar.
Ban san wa zai sha ba.