Mai Wankin Rigunan Taurarin Kuza

Ni na wanke rigunansu tun suna goma sha huɗu,
a bakin Dilimi, da sabulun salo da ruwa mai cizon yatsa.
Leburorin kuza suka kafa ta, ranar biya,
kowa ya jefa sule biyu cikin hular Dalyop.
Raga babu, sai gora biyu da igiyar shanya.

Lamba tara ta Choji ce, kullum jar ƙasa a ƙirji,
da kai yake ci, yana faɗuwa.
Ta Ɗanliti gola ba ta datti,
mukan ce ko gwani ne, ko 'yan baya ke ciyar da shi.

Shekarar da muka hau rukunin ƙwararru
motarmu ta mace a Hawan Kibo da dare.
'Yan wasa suka tura, suka isa, suka ci biyu da nema.
Kofi ya kwana uku a Gangare, uku a Tudun Wada,
ba wanda ya tambayi wani inda yake ibada.

Sai kamfani ya rufe. Sai gari ya rabu.
Wani ɗan kwangila ya saye mu, ya sauya launi,
albashin wata bakwai ya bi ruwa.
Yara suka watse, wasu Legas, wasu acaɓa.

Yanzu ihu sai gidan kallo, kan ƙwallon Turai.
Ni dai ran Asabar nakan fito da lamba tara,
in wanke, in shanya.
Jar ƙasar nan har yau ta ƙi fita.