Ba Tafinta

Wata uku tana ɗigar jan mai a ƙofar gidana a Agege,
kamar akuyar da aka yanka ba a ƙarasa ba.
Hashimu makanike ya leƙa ƙarƙashin bonet, ya yi tsaki:
"Famfon sitiyarin nan ya girmi ɗanka.
Duk Ladipo na zaga, babu irinsa."

Na ce, cire shi.

Ya dube ni kamar na ce a zare mini haƙarƙari.
Ya kwance bel, ya fizge tiyo biyu,
ya tsiyaye sauran man a gwangwanin madara,
ya bar ni da ƙarfe, da taya, da damtsena.

Ranar farko a Oshodi na gane kurena.
Gosulo. Danfo ta matse ni dama, tirela hagu,
ina murɗa sitiyari kamar mai tuƙin tuwon gidan biki,
gumi har cikin takalmi.
Larai ta ce, wanda ya sayi rariya
ai ya san za ta zubar da ruwa.

Amma asubar Lahadi, bisa doguwar gada,
kafin Ikko ta farka,
kwalta ta soma yi mini magana ta tafin hannu:
nan tsakuwa, nan gaɓar ƙarfe,
nan ruwan daren jiya bai bushe ba.
Ashe shekara talatin famfon nan yana yi mana tafinta,
yana cinye rabin zancen.

Kafaɗata tana ciwo har yau.
Ga kwana can tafe,
ni zan karɓe ta da kaina.