Igiya a Ɗakin Haihuwa

Ranar da aka turo ni daga Lima
zuwa wannan asibiti na kan dutse, can sama da Ayacucho,
na zo da takardar shaida a jaka
da hanci mai haɓo saboda tsayin wurin.
Ina ji da kaina. Ai na yi karatu.

Saturnina Pariona ta iso da asuba,
tafiyar awa huɗu a ƙafa, naƙuda na cin ta,
siket biyar na ulu a jikinta, ɗaya kan ɗaya.
Na ce a cire. Aka cire.
Na ce ta hau gadon ƙarfe, ta kwanta rigingine,
ƙafafu a rataye kamar nama a rumfar mahauci.
Mijinta Melitón na kora waje,
ya tsaya cikin iska yana murza hularsa.
Ta yi ta maimaita kalma ɗaya da Kecuwa:
chiri, chiri.
Ni da Sifaniyanci kaɗai na iya, na ɗauka raki ne.
Sai bayan shekara biyu na san sanyi take cewa.

Mabiyiya na jefa a bokiti, tare da auduga.
Ta bi bokitin da ido har ƙofa.
A katinta na rubuta da jan biro:
"Ba ta jin magana."

Ciki na biyu ba ta zo ba.
A gida ta durƙusa, tsakanin buhunan dankali,
jini ya ɓalle,
maza huɗu suka sauko da ita cikin bargo.
Ita ta tashi. Yaron bai kwana ba.
Na tambayi Melitón me ya hana su zuwa da wuri.
Gadon ƙarfen ya duba, bai dube ni ba.
An ce wanda maciji ya sara
ko tsumma ya gani sai ya gudu.
Daren nan na gane wane ne macijin.

Na hau dutse wurin tsohuwa Eusebia,
ungozomar da na taɓa kira jahila a taron ma'aikata.
Ba ta tashi ba. Ta turo mini kwandon wake in ɓare.
Sai da na ɓare rabi ta ce, ta bakin jikarta:
"Wa ya taɓa ganin tunkiya ta haihu tana kallon sama?
Ƙasa ce ke taya mace ja.
Mabiyiya kuma ba shara ba ce,
abokiyar tafiya ce, wata tara suna tare.
Gefen murhu ake binne ta, kada yaro ya ji sanyi."

Na ɗaura igiya a azarar ɗakin haihuwa.
Na shimfiɗa buzu, na rage hasken fitila,
na kawo risho da tukunyar ganyen muña.
Likitan da ke zuwa ran Laraba ya yi dariya:
"Asibiti ne nan ko turke?"
Na nuna masa allurar tsayar da jini a faranti,
da safar hannu, da almakashi dafaffe.
Ba abin da na rage. Ƙari na yi.

Ta zo a na uku, ba don ta yarda da ni ba,
Eusebia ce ta riƙo hannunta.
Da siket biyar ɗinta ta kama igiya,
Melitón na bayanta, ya rungume ta ta ƙirji,
ni kuwa a ƙasa, bisa gwiwoyina,
karo na farko da na kalli mai haihuwa daga ƙasa.
Mace ce. Ta tsala kuka kafin in juya ta.

Na naɗe mabiyiya a farin ƙyalle,
na miƙa wa uban da hannu biyu.
Na tambaye ta da Kecuwata mai ɗingishi ko tana jin sanyi.
Ba ta yi murmushi ba.
Gyara mini kalmar ta yi, sau biyu,
har na faɗe ta daidai.

Katin nan yana cikin kabad har yau.
Jan biro ba ya goguwa.
A ƙarƙashin rubutun na ƙara layi ɗaya
da sunana a gefe.